Kumburin Ƙafar Yaro: Kada a Tsaga

Kowa ya san jini yana zagaya jiki, ba sai mun daɗe a nan ba. Abin da za mu ƙara shi ne, jijiyoyin jini suna rarrabuwa har su koma 'yan ƙanana da suka fi gashi siranta. Bangonsu yana tsattsafo kamar sabon tulu. Ta nan ruwa da iska da abinci ke fita su ciyar da jiki, datti kuma ya shigo jini. Jajayen ƙwayoyin jini ba sa fita. Farare kan kutsa su fita su yaƙi cuta.

Akwai sinadarin albumin, wanda hanta ke yi daga abinci mai gina jiki. Shi ke riƙe ruwa cikin jijiya. In ya yi ƙaranci, sai ruwa ya tsiyaye ya taru a ƙarƙashin fata. Irin wannan kumburi ba a tsaga shi.

A wani gida a Mairuwa an yaye yaro, kullum koko da tuwon masara. Ƙafafunsa suka kumbura, gashinsa ya yi ja.

"Iya, zo ki ga ƙafar yaron nan," in ji uwar.

"Ƙiba ce, 'yar nan. Haka ubansa ya yi."

Maƙwabciya ta leƙo ta katanga, da muciya a hannu. "Wace ƙiba? Mugun ruwa ne! A kira wanzami ya yi masa tsaga, gobe ya tashi."

Ita wa ya tambaye ta? Waken soya cike da rumbunsu, sun kai shi kasuwar Funtua, nata 'ya'yan ko awara ba sa gani, amma ita ce mai ba da magani.

Kada a tsaga. Askar wanzami ba ta mayar da ruwa cikin jijiya. Jinin yaron ne zai zube, alhali ba shi da isasshe, ciwon kuma ya ruɓe ya ƙi warkewa.

Danna babban yatsa a bayan ƙafafunsa biyu, ki ƙirga 3 a hankali. In rami ya zauna a dukansu, tamowa ce mai tsanani. A kai shi asibiti ranar, a bi abin da ma'aikata suka ce game da abincinsa. In ya farfaɗo, a riƙa ba shi wake da gyaɗa da ƙwai da kifi. Ko Iya ta nace, ko duk unguwa ta taru, kada a tsaga.