Darasi ga Samari Magidanta a kan Dajin Mahaifa Mai Biyo Bayan Ciki

  Ya ɗan'uwa matashi, ko ka yi aure ko kana shirin yi, wannan darasi naka ne. A garuruwanmu, daga Kafin Hausa zuwa Bulangu da Sarawa, mace ba ta cika zuwa asibiti ba sai da izinin miji da kuɗin motarsa. Saboda haka jahilcinka a kan cutar mata yana iya zama sanadin mutuwar matarka, kuma za a tambaye ka a kan abin da aka ba ka kiwo.

Mas'ala ta farko: mece ce wannan cuta?

Ka sani, akwai wani irin ciki wanda ba ya zama ɗa. Naman da ya kamata ya zama mabiyiya shi ne ke kumbura ya cika mahaifa, ya zama ƙulu-ƙulu masu ruwa kamar 'ya'yan inabi. Mace ta ga batan wata, amai ya tsananta, ciki ya fi watanninsa girma, jini ya riƙa ɗiga. Hoton ciki ne ke tona shi, maganinsa kuwa wankin ciki a asibiti. Yawancin mata daga nan sun rabu da shi. Amma a irin wanda babu ɗan tayi ko kaɗan a ciki, kusan mace 15 zuwa 20 cikin 100 naman yakan ci gaba da tsiro har a bukaci maganin daji. Mafi munin nau'insa likitoci na kiransa koriyokasinoma. Ba shi da yawa, amma yana da sauri, yana bin jini ya tafi huhu, wani lokaci hanta ko ƙwaƙwalwa. Kusan rabinsa irin wancan ciki yake biyowa, sauran kuwa bayan ɓari ko haihuwa lafiyayya.

To, ka lura da wannan. A mafi yawan irin wanda babu ɗan tayi ko kaɗan a ciki, ƙwan mace ne ya zo babu ƙwayoyin gado a cikinsa, sai na namiji kaɗai suka ninku. Ba abincin da ta ci ba ne, ba kishiya ba ce, ba aljani ne ya sha cikin ba. Kuskure ne da ke aukuwa a farkon haɗuwar ruwa biyu, da ƙaddarar Allah, babu laifinta babu naka. Wanda ya tuhumi wata baiwar Allah da sammu a kan wannan ya ɗauki zunubi banza.

Mas'ala ta biyu: alamomin da ba a zama a kansu.

Jinin da ya ƙi ɗaukewa bayan ɓari ko wankin ciki ko haihuwa, ko ya ɗauke ya dawo. Tari da jini ko haki ga matar da ba ta daɗe da rabuwa da ciki ba, wanda sau da yawa akan ɗauka tarin fuka ne. Gwajin ciki ya nuna akwai, alhali babu. In ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, kai ta Babban Asibitin Kafin Hausa, ka gaya musu tarihin cikinta na ƙarshe. In suka tura ku Asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, ko na Tarayya a Birnin Kudu, ko Asibitin Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, kada ka ce sai an yi girbi. Wannan cuta da makonni take ƙirga, ba da damina ba.

Mas'ala ta uku: shin tana warkewa?

Na'am, da izinin Allah. Buhari ya ruwaito a babin magani cewa babu cutar da aka saukar face an saukar mata da waraka, kuma wannan cuta tana cikin manyan shaidun haka. Kafin 1956, matar da ta kai mata huhu kusan an gama. A shekarar nan wani likita ɗan asalin Sin, Min Chiu Li, tare da Roy Hertz, a cibiyar binciken daji ta Amurka, suka ba wata mata maganin methotrexate ta warke sarai. Shi ne karo na farko da magani kaɗai ya warkar da ƙullutun daji da ya riga ya yaɗu a jiki. A yau, inda aka gano da wuri aka bi magani daidai, kusan duka suna warkewa, mai tsanani ma fiye da 90 cikin 100. Galibi ba a cire mahaifa, kuma yawancinsu suna sake haihuwa.

Naman nan yana zuba wani sinadari a jini mai suna hCG, shi ne dai wanda gwajin ciki ke nema. In yana sauka, cuta na mutuwa. In yana hawa, tana nan. Likita Li ya dage sai an ci gaba da magani har sinadarin ya koma daidai, ko da ƙullutun ya ɓace a hoto. Shugabanninsa suka ga ya wuce gona da iri, suka sallame shi daga aiki. Daga baya ta bayyana shi ne da gaskiya, domin waɗanda aka tsayar wa magani da wuri cutar ta dawo musu. Ka riƙe wannan, ya ɗan'uwa: "ai ta ji sauƙi" ba hujja ba ce ta daina zuwa asibiti. Takardar gwaji ce ke sallamarku.

Mas'ala ta huɗu: tsoron dawowarta.

Bayan an gama magani sai wani ciwon ya taso a zuci. Ta ga ɗigon jini ta firgita, ta yi tari ta kasa barci, daren gwaji ya zame mata shekara. Kada ka ce mata imaninta ne ya yi rauni. Annabi Ayyuba, kamar yadda ya zo a Suratul Anbiya, ya kai kukan cutarsa ga Ubangijinsa, kuma Allah Ya yabe shi da haƙuri. Tsoro ɗabi'a ce. Abin zargi shi ne ya kai mutum ga boka ko ga yanke ƙauna.

Ka gaya mata gaskiyar lissafi: waɗanda cutar ke dawo wa bayan cikakken magani 'yan kaɗan ne, kusan 3 cikin 100, akasari a shekarar farko, kuma su ma yawancinsu suna warkewa in an kama da wuri. Don haka ake gwajin jini wata-wata har shekara guda. Ka sami littafi ka rubuta ranar kowane gwaji da adadinsa, ku riƙa dubawa tare. Ta yi addu'a, ka yi mata ruƙya ta shari'a da hannunka, sannan ka kai ta ranar da aka ce. Tirmizi ya ruwaito cewa an umurci mai raƙumi ya ɗaure shi tukuna sannan ya dogara ga Allah.

Mas'ala ta biyar: haƙƙin da ke kanka.

Likita zai ce kada ta ɗauki ciki har shekara bayan magani, domin ciki ma yana ɗaga sinadarin nan, sai a kasa bambance ɗa da cuta. Wannan jinkiri ne na lalura, kuma ya tabbata sahabbai sun yi azalu a zamanin Annabi. Ku yi shawara kai da ita, ku bi hanyar da likita ya nuna. In iyaye suka matsa da maganar jika, kai za ka tsaya mata, cikin ladabi. Duk cikin da ta samu nan gaba a yi hoto da wuri, a kuma gwada jini kamar mako 6 bayan ta sauka.

Jinin cuta istihala ne, ba ya hana salla. In ya rikice mata da na biƙi, ka tambayo mata malami, kada kunya ta hana ka. In azumi zai cutar da ita tana kan magani, ta sha ta rama. In babu likita mace, lalura ta halatta namiji ya duba ta. In an nemi jini, kai da abokanka ku miƙa hannu. Kuma ka ji tsoron Allah, kada ka mayar da ita gidan iyayenta da sunan jinya don ka huta da ɗawainiya, ko ka ɗauko maganar ƙarin aure tana kwance. Cutar ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, ka ci abinci tare da ita, ka zauna kusa da ita.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa ciwon ya zama kankarar zunubi, Ya ba mu ikon sauke amanar iyalinmu.