Ƙaramar Hukuma: Ma'anarta da Aikinta

Har yanzu akwai dattawan da in za su sakatariyar ƙaramar hukuma sai su ce za su En'e. Sunan ya zauna a baki, amma abin ya sake. Wajibi ne kowane mai biyan kuɗin rumfa a kasuwa ya san yadda ya sake, domin ya san inda zai kai kukansa.

A zamanin Jihar Arewa, En'e ita ce hukumar Sarki da majalisarsa. Tana da Baitulmali, da 'yan doka, da gidan yari, da kotunan alkalai. Hakimi da dagaci da mai unguwa su ne hannuwanta wajen tara haraji da jangali. Bayan 1966 gwamnatin soja ta karɓe 'yan doka da gidajen yari da kotuna. A 1967 aka raba ƙasa jihohi 12, aka yi ta ƙari har suka kai 36 a 1996. Sa'an nan a 1976 aka yi gyaran da ya kawo ƙaramar hukuma iri ɗaya ko'ina a Nijeriya. Yau akwai 774, har da shida na Abuja. Kano ce mai mafi yawa, tana da 44.

To, mulki hawa uku ne: Tarayya, da Jiha, da Ƙaramar Hukuma. Jiha tana da Gwamna, wanda ake zaɓa shekara huɗu, ba ya wuce zaɓe biyu. Shi ke naɗa Kwamishinoni, amma sai Majalisar Dokokin Jiha ta amince da su. Majalisar nan ba ta gaza wakilai 24, ba ta wuce 40.

Ƙaramar hukuma kuwa tana da Shugaba, wanda jama'a ke kira Ciyaman, da Kansiloli. An yanka kowace ƙaramar hukuma mazaɓu, kowace mazaɓa da Kansilanta ɗaya. A nan mutane da yawa ke ruɗewa. Hakimi sarauta ce, Sarki ke naɗa shi, ana girmama shi, ana kai masa sulhu, amma kuɗin gyaran kasuwa ba ya hannunsa. Wanda ya kai ƙarar kwatar da ta toshe ƙofar Hakimi ya yi ladabi, sai dai Kansila ne ya ci ƙuri'arsa.

Tsarin Mulki na 1999 ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma: kasuwanni, da tashoshin mota, da mahauta, da maƙabartu, da kwashe shara, da sa wa tituna suna da gidaje lamba, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure, har da lasin na keke da amalanke. Tana kuma da hannu cikin makarantun firamare da ɗakunan shan magani. Ba ayyuka ne masu suna ba, amma su talaka ke gani tun daga ƙofar gidansa.

Saura maganar kuɗi, wadda ita ce tushen rigima. Kowane wata ƙananan hukumomi suna da kaso daga Asusun Tarayya. Shekara da shekaru kason yana bi ta Asusun Haɗin Gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, watau ta hannun gwamnatin jiha. Gwamnoni da dama kuma sukan ƙi yin zaɓe, su naɗa Kantoma, mutumin da ba wanda ya zaɓe shi, ba ya kuwa jin tsoron kowa sai wanda ya naɗa shi. Amma ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma mulkin Kantoma ya saɓa wa Tsarin Mulki.

Amma fa a lura, zaɓen Ciyaman da Kansila a jihohi ba hukumar zaɓe ta ƙasa ke yinsa ba. Hukumar zaɓe ta jiha ke yi, Gwamna kuwa shi ke naɗa mutanenta da amincewar Majalisa.