Yadda Ake Ƙera Ƙaramin Samfurin Kan Jirgin Ƙasa da Taimakon Wayar Hannu

Ba kowane kan jirgin ƙasa ba ne ke jan taragun fasinja. Akwai ƙanana da ke aiki a cikin masana'antu da ma'adinai da wuraren fasa dutse. Kamfanin Ruston & Hornsby da ke birnin Lincoln a Ingila ya yi fice wajen ƙera irinsu masu amfani da dizal daga 1931 zuwa 1969. Masu ƙera samfuri da hannu suna son su saboda yawancin jikinsu shafaffen ƙarfe ne, ba lanƙwasa da yawa. Sai dai aikin gaba ɗaya a kan awo ya dogara. Idan awon farko ya karkace, aikin makonni ya tashi a banza.

Zaɓen sikeli

Sikeli shi ne yawan ninkin da aka rage girman abu. A sikelin HO ana ragewa sau 87, a OO kuma sau 76, dukansu a kan layin dogo mai faɗin milimita 16.5. Ƙananan jiragen masana'antu da yawa suna bin siririn layi ne, don haka ake amfani da OO9, wato sikelin 76 a kan layi mai milimita 9. Tsohon layin Zariya zuwa Jos da aka shimfiɗa saboda kuza, aka rufe a 1957, faɗinsa milimita 762 ne. In aka raba da 76 za a samu kusan milimita 10, ke nan OO9 zai iya wakiltarsa.

Fitar da awo daga hoto

A nan waya ke da amfani, a nan kuma take yaudara. Babbar kyamarar waya tana kumbura abin da ke kusa da ita, ta ƙanƙantar da na nesa. Saboda haka mai ɗaukar hoto ya ja da baya, ya tsaya daidai tsakiyar gefen jirgin, ya yi amfani da zum na 2x ko 3x. A jingina sanda mai tsawon mita ɗaya a jikin jirgin kafin a ɗauka.

Misali, idan sandar ta fito milimita 50 a hoton da aka buga, jirgin kuma ya fito 170, to kowace milimita ɗaya a hoto tana daidai da 20 a zahiri. Tsawon jirgin ya zama milimita 3,400, in an raba da 76 samfurin zai kai kusan milimita 45. Wanda ya samo hoton daga intanet sai ya nemi wani awo da aka tabbatar, kamar faɗin ƙafar jirgin, ya tsaya a madadin sandar.

Kayan aiki da haɗawa

Ana buƙatar farantin roba na styrene mai kaurin milimita 0.5 da 1, rular ƙarfe, wuƙa mai kaifi, sanfefa, gam da siririyar wayar tagulla. Ba a yanke robar a tashi ɗaya: tsaga ake yi a kan rula, sannan a karya.

Daga ƙasa ake farawa. Masu OO9 da yawa suna sayen ƙasan jirgi mai inji na kamfanin Kato, su gina jiki a kansa. A fara gwada jikin da kwali, domin kuskure a kwali ba shi da tsada. A kuma lura cewa robar milimita 0.5 tana daidai da ƙarfe mai kaurin milimita 38, wanda ya wuce na gaske sosai. Shi ya sa ake goge bakin tagogi har ya sirance.

Ƙaramin jirgi mai ƙafa huɗu yakan tsaya cak idan ƙafafunsa suka rasa wutar da ke bin layi. Maganinsa shi ne a sa ɗan nauyin dalma a ƙasa-ƙasa tsakanin ƙafafun, a wanke hannu bayan taɓa ta.

Gwajin ƙarshe

Bayan an fesa fentin farko mai ruwan toka, a ɗauki samfurin hoto daga kusa, a faɗaɗa a kan allon waya. Duk tsagar da ido ya tsallake za ta bayyana. A gyara ta yanzu, domin fenti na biyu ba ya ɓoye aibi, ƙara fito da shi yake yi.