Darasin Kimiyyar Kwamfuta: Me Ya Sauya a WordPress 5.0?

Ɗalibai, darasinmu na yau a kan manhajar sarrafa shafukan intanet ne. WordPress za mu ɗauka misali, domin fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya da ita aka gina su. Matt Mullenweg da Mike Little ne suka fito da ita a 2003, kuma kyauta ce, kowa na iya sauke ta ya gyara yadda yake so.

Bari mu fara da yadda take aiki. Idan ka wallafa labari, ba a ajiye shi a matsayin kammalallen shafi. Rubutun da sunan marubuci da kwanan wata duk suna shiga rumbun bayanai na MySQL. Launi da tsari da wurin zaman hoto kuwa suna cikin wasu fayiloli dabam, mu kira su rigar shafi. Sai mai karatu ya danna adireshi, sannan umarnin PHP da ke kan sabar ya ɗauko rubutun daga rumbu, ya sa masa riga, ya miƙa wa burauza. Shi ya sa ake iya sauya kamannin shafi gaba ɗaya ba tare da an taɓa ko harafi guda na labari ba.

To, ranar 6 ga Disamba, 2018 aka saki WordPress 5.0. Kafin nan, akwati ɗaya marubuci yake da shi, a ciki yake zuba rubutu da hotuna. Sabon wurin rubutun, mai suna Gutenberg, wanda aka gina da JavaScript, ya raba labari zuwa tubala: sakin layi tubali ne, hoto tubali ne, haka kanun labari da bidiyo. Kowanne ana iya ɗaga shi sama, a sauko da shi, ko a gyara shi shi kaɗai.

A nan nake so ku kasa kunne. Tubalan ba su da wani sabon ma'aji a rumbu. Inda labari yake zama tun asali, nan suke, sai dai ana sa wa farko da ƙarshen kowane tubali ɓoyayyar alamar HTML wadda burauza ba ta nunawa. Saboda haka tsofaffin labarai ba su lalace ba, suna buɗewa ne a matsayin tubali guda mai suna Classic. Wannan dabara, a ganina, ta fi kwalliyar da aka yi ta tallatawa muhimmanci.

Inda aka samu matsala shi ne ƙananan manhajojin ƙari da aka ƙera don tsohon akwatin, da yawa sun daina aiki daidai. Miliyoyin shafuka suka ɗora Classic Editor don komawa tsohon tsari, wasu masu shirya manhaja ma suka ɓalle da nasu reshen, ClassicPress.

Sai lambobi. Daga 5.0 zuwa 5.1 babban sauyi ne. Lamba ta uku, kamar 5.0.1 da ta biyo baya bayan mako guda, ta gyaran kurakurai da toshe kafofin kutse ce, kuma tun daga WordPress 3.7 a 2013 irin wannan gyara yakan sauka da kansa. Kada a jinkirta shi. Babban sauyi kuwa, a fara kwafe rumbu da fayiloli a adana, a gwada a shafin gwaji tukuna.

Aikin gida: kowa ya rubuta labari mai tubala uku, ya buɗe shi a sashen lambobin HTML, ya kwafo mini alamomin da ya gani kafin darasi na gaba.