Zuba wa Wayar Hannu Wuta

Wayar hannu ba ta aiki sai da batir, batir kuwa kamar randa yake. In ana ta ɗiba ba a zubawa, sai ya ƙafe. Zuba masa wuta shi ake kira caji. Akan yi shi ta hanya biyu: ko a soka caja a soket na jikin bango, ko kuwa a jona igiyar wayar a wata 'yar kafa da ke jikin kwamfuta, wadda ake kira USB. Irin wannan kafa ta fara fitowa ne a shekarar 1996.

Ƙarfin lantarki ana auna shi da bolt. Na bango a Nijeriya bolt 230 ne, amma waya kamar bolt 5 take bukata. Aikin caja ke nan, ta rage ƙarfin kafin ya isa batir. Kwamfuta ma bolt 5 take bayarwa.

To, ina bambancin? Yana wajen yawan wutar da ke kwarara, wanda ake aunawa da amfiya. Tsohuwar kafar kwamfuta rabin amfiya kaɗai take bayarwa, caja mai kyau kuwa takan ba da amfiya 2 ko fiye. Watau mutum biyu ne ke cika randa, ɗaya da guga, ɗaya da moɗa. Babban batirin da caja za ta cika cikin awa 3, a tsohuwar kafar nan sai ya kai awa 10. Amma akwai sababbin kwamfutoci masu kafa mai sauri.

Akwai kuma abin da ya fi jinkiri muni. Igiyar da ke kai wuta, ita ce kuma ke ɗaukar saƙo tsakanin waya da kwamfuta. Saboda haka wanda ya jona wayarsa a kwamfutar baƙo, ana iya kwashe masa hotuna da wasiƙu, ko a cusa mata abin da zai lalata ta.

Soket ba ya satar hoto, amma shi ma sai da hattara, gama wutarsa tana kisa. Ba a taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu. Cajar da ta fashe, ko wadda ke zafi har hannu ba ya iya riƙe ta, sai a daina amfani da ita. In kuma aka ɗauke wuta, gara a zare caja, don wani lokaci wutar takan dawo da ƙarfin da zai ƙona ta.