Tankar Yaƙi a Tafin Hannu

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, da ku iyayenmu masu karanta wannan mujalla, ina jin da wuya a sami wani a cikinmu wanda bai taɓa ƙera motar kara ba yana yaro. Da an gama girbi sai ka ga yara a gindin bishiya suna feran kara, suna soka sille a jikin totuwa, waɗansu kuma suna lanƙwasa gwangwani da waya, su yanko taya daga tsohon silifas. To, akwai wani aikin hannu mai kama da wannan wanda manya da yara suke yi a ƙasashe da yawa, watau harhaɗa 'yan ƙananan tankokin yaƙi da motocin soja, a yi musu fenti, a tara su. Bambancin shi ne, mai motar kara yana ƙera abin da ya ga dama, shi kuwa wannan tilas ya auna, tilas kuma ya binciki tarihi. A kan waɗannan abubuwa biyu nake so mu yi darasinmu, domin duk wanda ya riƙe su zai tarar ashe karatu yake yi, ko da yake a ido kamar wasa ne.

Asalin tanka

Sojojin Ingila ne suka fara shiga fagen fama da tanka, ran 15 ga Satumba, 1916, a yaƙin Somme da aka yi a Faransa cikin Yaƙin Duniya na Farko. Lokacin da ake ƙera ta an so a ɓoye wa Jamusawa sirrin, sai aka riƙa cewa tankunan ruwa ne ake yi. Sunan kuwa ya bi ta har yau, shi ya sa mu ma muke cewa tankin ruwa, muke kuma cewa tankar yaƙi. Jikinta kashi uku ne: gangar jiki mai sulke, da kai mai juyawa wanda ke ɗauke da igwa, da ƙafafun sarƙa da take tafiya a kansu cikin laka ko rairayi. Yawancin masu tarawa sun fi son tankokin Yaƙin Duniya na Biyu, na 1939 zuwa 1945, musamman T-34 ta Rasha, da Sherman ta Amurka, da Tiger ta Jamus.

Ma'auni

A jikin kowane akwatin da waɗannan 'yan motoci ke zuwa a ciki za ka ga lamba kamar 1/35 ko 1/72. Ma'anar 1/35 ita ce, kowane santimita ɗaya a jikin ƙaramar yana madadin santimita 35 a jikin babbar. Ka ga dai rabawa ce irin wadda muke yi a aji. Mutum mai tsawon santimita 175, in aka raba da 35, zai dawo santimita 5, kamar tsawon ɗan yatsa. Faɗin T-34 mita 3 ne, watau santimita 300, saboda haka ƙaramarta ba za ta kai santimita 9 ba. Motar jif ta sojojin Amurka tana da tsawon wajen santimita 335, ƙaramarta kuwa santimita 9 da rabi da 'yan kai.

Kamfanin Tamiya na birnin Shizuoka a Japan shi ne ya yaɗa ma'aunin 1/35. A farkon shekarun 1960 sun yi wata tankar Jamus mai suna Panther mai aiki da batir, suka auna cikinta daidai yadda batiran za su shiga. Da aka lissafa daga baya sai aka ga girmanta ya zo kashi ɗaya cikin 35 na ta gaske, daga nan kamfanoni da yawa suka bi sahu. Kamfanin Airfix na Ingila kuwa ya yi nasa tankokin a kan 1/76, waɗanda suka fi ƙanƙanta, suka kuma fi araha. Dokar farko ga mai tarawa ita ce kada ya gwama ma'auni biyu a wuri guda. In ka tsai da sojan 1/35 kusa da tankar 1/72, sojan zai fi tankar tsawo, kowa ya gani ya yi dariya.

Harhaɗawa

In ka buɗe akwatin za ka tarar da gutsattsarin roba, wani lokaci fiye da ɗari biyu, maƙale a jikin 'yan sanduna, kowane da lambarsa, tare da takardar bayani mai zane. Kayan aikin ba su da yawa: reza mai kaifi, da hantsaki, da samfefa mai laushi, da gam, da buroshi ƙanana biyu ko uku. Kada ka ɓalle gutsure da hannu, yanke shi za ka yi, sa'an nan ka goge bakin da samfefa. Kafin ka sa gam, fara gwada haɗa su a bushe ka ga ko sun zauna.

Shi wannan gam ba irin na takarda ba ne. Narkar da fuskar robar yake yi kaɗan, ɓangarorin biyu su zama abu guda, kamar yadda mai walda ke haɗa ƙarfe. Saboda haka ɗigo ɗaya ya isa, in ya yi yawa sai ya cinye zanen jikin tankar, in kuma ka taɓa wurin shatin yatsanka ya zauna ke nan. A yi aikin inda iska ke shiga, domin warin gam da na fenti suna sa ciwon kai, a kuma ajiye reza inda ƙanne ba za su kai ba.

Fenti da gyaran kama

A nan ne tarihi yake shigowa, a nan ne kuma na sha kunya. Kawuna ya dawo daga tafiya ya kawo mini tankar Tiger tsaraba. Cikin dare ɗaya na harhaɗa ta, na shafe ta da fenti mai ruwan toka mai duhu, na manna mata lamba 131 domin ita ta fi yi mini kyau a cikin takardun lambobin. Washegari na kai wa malaminmu na tarihi ina taƙama. Ya jujjuya ta ya ce, "Hannunka yana da kyau, amma a ina wannan tankar ta yi yaƙi?" Na ce, "Malam, ai a Jamus." Ya yi murmushi ya ce in je ɗakin karatu in bincika, in dawo masa da amsa ran Litinin.

Ga abin da na samo. Tiger mai lamba 131 tanka ce guda ɗaya sananna, wadda sojojin Ingila suka kama a Tunisiya a watan Afrilu na 1943, bayan harsashi ya maƙale mata kai ya hana shi juyawa, mutanen cikinta suka fita suka bar ta. Launinta na ƙasa-ƙasa ne, irin wanda ya dace da Arewacin Afirka. Lambar ma tana da ma'ana: kamfani na 1, rukuni na 3, tanka ta 1. Tana nan a gidan kayan tarihi na Bovington a Ingila, ita kaɗai ce kuma a cikin irinta take iya tashi ta yi tafiya. Tawa kuwa na yi mata launin wani fagen dabam. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, sai da na kankare fentin duka na sake.

Tun daga ranar na koyi cewa kafin a buɗe gwangwanin fenti sai an amsa tambayoyi uku: ta wane ne, a wane wuri, a wace shekara? Jamusawa sun yi amfani da ruwan toka mai duhu har zuwa Fabrairu 1943, sa'an nan suka koma rawaya mai duhu, suna yi mata dabbare-dabbare da kore da ja-ja. Daga ƙarshe-ƙarshen 1943 zuwa Satumba 1944 sun riƙa shafa wa tankokinsu wani kwaɓi mai tsaga-tsaga da ake kira zimmerit, don kada nakiya mai maganaɗisu ta manne musu. Ka ga ke nan wanda ya yi wa 131 wannan kwaɓi ya yi kuskure, domin an kama ta tun kafin a fara. Haka kuma T-34 mai igwa ta milimita 85 sai a 1944 ta shiga yaƙi, ba za a sa ta a yaƙin kare birnin Mosko na 1941 ba. A lokacin sanyi kuwa, ɓangarorin biyu sukan shafa wa tankoki farar ƙasa don su saje da ƙanƙara.

Bayan fenti sai a tsufar da ita, domin tankar da ke fagen fama ba ta ƙyalli. Akan tsinka baƙin fenti sosai a bar shi ya gangara cikin lunguna, ya fito da su. Akan dangwali fenti mai haske, a goge buroshin a tsumma har ya kusa bushewa, sa'an nan a shafa a kan gefuna. Garin alli mai launi yana zama ƙura ko tsatsa, bakin fensir kuma in aka goga shi a kan sarƙa sai ta yi kamar ƙarfen da ya sha tafiya. Masu gwaninta sukan ƙara kaya na kansu: igiyar ja daga zaren waya, bargo daga takarda mai laushi da aka jiƙa da gam, guntun itace daga tsinke. Amma duk abin da za a ƙara, a fara ganinsa a hoton gaske.

Abin da ƙaramar tanka ke koyarwa

Duba gaban T-34 za ka ga a kishingiɗe yake. Kaurin sulken milimita 45 ne, amma da yake an karkata shi digiri 60 daga tsaye, harsashin da ya zo kai tsaye sai ya ratsa milimita 90 kafin ya shiga. 'Yan aji huɗu da biyar za su gane lissafin kusurwa ne wannan. Ka kuma ajiye Tiger kusa da Sherman: Tiger ta haura tan 50, tana da igwa ta milimita 88, Sherman kuwa wajen tan 30 ce. Amma Tiger 1,347 kawai Jamus ta iya ƙerawa daga 1942 zuwa 1944, alhali Amurka ta ƙera Sherman fiye da 49,000. Daga waɗannan lambobi biyu ɗalibi zai fahimci yadda ƙarfin masana'antu ya rinjayi yaƙin.

Mu ma muna da namu rabo a wannan tarihi. Sojojin Nijeriya, tare da na Gana da Saliyo da Gambiya, sun yi yaƙi da Japan a Bama cikin Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, abin da kakanninmu ke kira Yaƙin Bama. A kwarin Kaladan daji da duwatsu sun hana manyan motoci shiga, yawancin kaya a ka aka ɗauke su ko aka jefo su daga jirgin sama, sojojin kuma suka sari hanyar jif mai tsawon fiye da mil 70 da hannunsu. Wanda ya ƙera jif ɗaya, ya kafa ta a kan allo cikin laka da 'yan sojoji ɗauke da kaya, ya ba da labarin da mutanen waje ba su cika bayarwa ba. A Umuahia kuma, gidan kayan tarihin yaƙi yana ajiye da motoci masu sulke na yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970.

Tarawa da adanawa

Kada ka tara barkatai. Zaɓi fage ɗaya, misali yaƙin hamadar Arewacin Afirka, ka bi shi sannu a hankali. Kowace mota ka rubuta mata kati: sunanta, ƙasarta, shekara, wuri da ma'auni. A ajiye su a kabad mai gilashi ko a rufe su da kwali saboda ƙurar hunturu, kada kuma a bar su a rana, domin roba takan lanƙwashe. Waɗannan akwatuna daga waje suke zuwa, suna da tsada. Wanda bai samu ba kada ya damu iyayensa, ya nemi zane mai awo, ya ɗauki rula da kwali da waya da murafun kwalba ya ƙera tasa. Shi ma ya fi mai akwati koyon lissafi, tun da kowane gutsure shi zai auna.

Iyayenmu, na san damuwarku, domin ni ma Baba ya taɓa ce mini, "Kai, yaushe za ka bar wasan yara ka kama littafi?" Maganarsa tana kan hanya in aikin ya cinye lokacin karatu, shi ya sa muka yi yarjejeniya da shi sai Asabar da lokacin hutu. Roƙona shi ne, in kun ga ɗanku ko 'yarku da irin wannan aiki, ku yi musu tambayoyin nan uku da malamina ya koya mini. In sun amsa, to suna ƙaruwa. In sun kasa, ku tura su ɗakin karatu.

Mu kuma 'yan'uwa, kada kyan fenti ya mantar da mu cewa kowace tanka ta gaske irin su T-34 da Sherman da Tiger mutum huɗu ko biyar ne a cikinta, da yawansu samari ne da ba su girme mu da yawa ba, waɗansu kuma a ciki suka ƙone. Tarayyar Sobiyet kaɗai ta yi asarar mutane wajen miliyan 27 a wannan yaƙi. Saboda haka a kan katin kowace tanka nakan ƙara layi ɗaya, in rubuta yawan mutanen da take ɗauka.

Ga aikin gida ga mai so: auna tsawon motar makarantarku da faɗinta da tsayinta, ka raba kowanne da 35, ka zana ta a takarda, sa'an nan ka ƙera ta da kwali ka kai wa malamin lissafi ya auna. Allah ya ba da sa'a, ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya.