Wasa a Matsayin Magani: Yadda Yaro Ke Faɗin Damuwarsa

Gabatarwa

A shekarata ta farko a wannan sashe na kwanta rashin lafiya. Wani abokina Bahaushe ya zo gaishe ni, ya ce, "Ina ke maka ciwo?" Da harshenmu na Igala na san amsar sarai, amma Hausar ta ƙi zuwa, sai na nuna masa da hannu. Duk wanda ya koyi Hausa da girmansa kamar ni ya san irin wannan ƙunci. To, yaro ɗan shekara huɗu ko biyar a cikinsa yake kullum game da abin da ke ransa. Yana jin tsoro da baƙin ciki da fushi kamar babba, amma bai mallaki kalmomin faɗinsu ba tukuna. Wannan maƙala za ta yi bayani a kan yadda masana halayyar ɗan'adam suke amfani da wasa don su saurari irin wannan yaro, da kuma abin da ya shafe mu a ciki, mu ɗaliban harshe.

Abin da na gani a gida

A shekarar 2022 ambaliyar kogin Neja ta shiga gidan yayata a unguwar Ganaja da ke Lokoja. Ba a rasa rai ba a gidan, amma da dare aka fita da yaran, ruwa har ƙugu. Bayan sun dawo sai ɗanta mai shekara biyar ya koma fitsarin kwance, ya kuma rage magana. Kullum da yamma zai jera gwangwanayen madara a cikin ƙasa, ya sa 'yan duwatsu a ciki, ya kwara musu ruwa har su nutse. Uwarsa ta sha yi masa faɗa kan ɓarnar ruwa. Wata maƙwabciya, ma'aikaciyar jinya, ita ta ce a ƙyale shi, a dai riƙa zama kusa da shi. Bayan 'yan makonni sai muka ga ya ƙara ɓawon kwakwa a wasan, ya ce jirgi ne, yana kwashe duwatsun ɗaya bayan ɗaya yana kai su tudu. A lokacin ban gane ba. Daga baya da na yi karatu na fahimci cewa labarin wannan dare yake ta maimaitawa, har ya samo masa ƙarshen da hankalinsa zai kwanta da shi.

Taƙaitaccen tarihi

Wannan fanni ya faro ne a Turai a farkon ƙarni na 20. Melanie Klein da Anna Freud sun lura cewa ba za a zaunar da yaro a ce ya faɗi duk abin da ya zo masa a rai ba, kamar yadda ake yi wa manya, don haka suka shigo da kayan wasa cikin aikinsu. A Landan, Margaret Lowenfeld ta fara ba yara faranti mai yashi da ƙananan mutum-mutumi a 1929, su gina duniyarsu a ciki. A Amurka kuwa, Virginia Axline ta fitar da littafi a 1947 inda ta shimfiɗa ƙa'idoji 8 na wannan aiki. A 1964 ta sake fitar da wani a kan wani yaro da ta laƙaba wa suna Dibs, wanda ba ya magana da kowa a makaranta har ana zaton taɓuwar ƙwaƙwalwa ce, sai daga baya ta bayyana cewa haziƙi ne ƙwarai.

Yadda ake gudanar da shi

Galibi ana yin wannan jinya da yara 'yan shekara 3 zuwa 12, sau ɗaya a mako, kowane zama minti 30 zuwa 50. Ana tanadar ɗaki da 'yar tsana, da tukwanen wasa, da yashi, da yumɓu, da takarda da fensir mai launi, har da bindigar roba, domin fushi ma yana buƙatar hanyar fita. A tsarin Axline yaro ne jagora. Masanin ba ya zaɓa masa abin wasa, ba ya gyara masa, ba ya gaggauta shi. Aikinsa shi ne ya lura, sannan ya mayar wa yaron abin da ya gani cikin kalmomi.

Ga misali. Yarinya ta ɗauki 'yar tsana ta tura ta ƙarƙashin kujera. Yawancinmu za mu ce, "Me ya sa kika yi haka?" Wannan tambaya tana neman bayanin da yarinyar ba ta da shi. Masanin zai ce, "Kin ɓoye ta. Kamar tana jin tsoro." Idan ya dace, yarinyar za ta ci gaba. Idan ya kuskure, ita da kanta za ta gyara masa.

Wannan ba ya nufin babu doka. Idan yaro ya ɗaga sanda zai doki masanin, sai ya ce masa, "Na ga ranka ya ɓaci. Amma ni ba a dukana. Ga matashi can, doke shi." Wato an amince da fushin, an hana cutarwa, an kuma nuna mafita.

Inda ya shafi ɗalibin harshe

Duk wannan aiki ya rataya ne a kan zaɓen kalma. Hausa ta bambanta tsoro da fargaba da firgita da razana. Ta bambanta fushi da haushi da takaici, haka kuma kewa daban, kaɗaici daban. Yaron da ake ce wa "yi shiru" kawai ba zai koyi ko ɗaya daga ciki ba. Wanda aka ce wa "kana kewar babanka" ya sami sunan abin da ke damunsa, gobe zai iya faɗi da bakinsa maimakon ya fasa kwano.

Haka nan wasannin da muke nazari a darasin al'ada, irin su 'yar tsana da tuwon ƙasa da dokin kara, ba ɓata lokaci ba ne. A cikinsu yarinya take zama uwa, ta yi wa 'yarta faɗan da aka yi mata, ko ta rarrashe ta yadda take so a rarrashe ta. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Game da yaro, ni sai in ƙara da cewa a tambayi wasansa.

Gargaɗi

Kada wanda ya karanta wannan ya ɗauka ya zama likita. Wasa ɗaya ba ya isa a yanke hukunci a kan yaro. Idan ya daɗe yana maimaita wasa mai ban tsoro ba tare da wani canji ba, ko ya daina ci da barci, ko wasansa ya nuna alamar an ci zarafinsa, to a kai shi wurin ƙwararru. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba a Legas yana da sashen yara da matasa, Jami'ar Ibadan ma tana da cibiyar horar da masu wannan aiki.

Kammalawa

Sashe na 31 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, wadda Nijeriya ta amince da ita a 1991, ya ce wasa haƙƙin yaro ne. A 2024 majalisar ta ware ranar 11 ga Yuni ta zama ranar wasa ta duniya. Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai ita ce, idan mun je gida hutu, kowa ya sami ƙaninsa ko ƙanwarsa ya zauna kusa da su minti talatin suna wasa, ba tambaya, ba gyara. Ya rubuta kalmomin da ya ji, mu kawo su aji mu tattauna.